Tsohon Jagora da Fayafayansa: Pierre Monteux, Kiɗan Faransa da Taskar Muryoyin Arewa

Gabatarwa

Kafin zuwan na'urar ɗaukar murya, kiɗa abu ne da ke mutuwa a wurin da aka haife shi. Mai ganga ya sauke gangarsa, taro ya watse, ba abin da zai rage sai ɗan abin da kunne ya riƙe, shi ma yana zaizayewa da tafiyar shekaru. Turawa sun daɗe da samo dabarar rubuta kiɗa a takarda, da alamomi masu nuna tsawon kowane sauti da kaurinsa ko sirantakarsa. Amma ko su sun san takarda ba ta ɗauke komai ba. Tana iya cewa a sassauta, ba ta iya faɗin iyakar sassaucin. Tana iya cewa a gaggauta, ba ta iya nuna inda mabushi zai ja numfashi. Wannan saura da alƙalami bai kama ba a cikin kan tsofaffin makaɗa yake zaune, kuma da su yake shiga kabari.

Wannan maƙala za ta bi tarihin wani tsohon jagoran makaɗa na ƙasar Faransa, Pierre Monteux, wanda aka ɗauki mafi kyawun fayafayansa yana da shekara tamanin da ɗoriya. Za ta duba abin da ya sa masana ke riƙe da waɗannan fayafayai har yau, da yadda kunnen da ya saba da taushi da goge zai iya shiga cikinsu. Daga nan za ta dawo gida, ƙasar Arewa, daga Dogon Dutsi zuwa Matankari da Sukukutane da Tibiri, domin a daidai shekarun da ake ɗaukar Monteux a Landan, ana ɗaukar muryoyin makaɗan Nijar da na ƙasar Hausa, sai dai rabon fayafayan biyu bai zo ɗaya ba.

Mene ne aikin jagoran makaɗa?

Duk wanda ya taɓa sauraren makaɗan fada ya san ƙungiyar kiɗa ba taron yuyuyu ba ce. Akwai uban kiɗi, mai furta waƙa da ba da hanya. Akwai ƴan amshi. Akwai masu manyan ganguna, akwai kuma mai kanzagi da ke riƙe da ma'auni. Da ido ko da karkata kafaɗa uban kiɗi ke gaya wa yaransa su shigo ko su saurara. Babbar ƙungiyar makaɗa ta Turai, wadda ake kira orkesta, haka take, sai dai yawanta kan kai mutum tamanin zuwa ɗari. Ta kasu dangi huɗu: masu goge manya da ƙanana, masu busa sarewa da dangin algaita, masu busa ƙahonin tagulla dangin kakaki, sai masu ganguna da kuge. A gabansu mutum ɗaya ke tsayawa da siririyar sanda. Ba ya kaɗa komai, ba ya rera komai. Shi ne ke yanke saurin tafiya, shi ke auna wace murya za ta fito, wace za ta koma baya, shi ke haɗa mutum ɗari su numfasa tare.

Saboda haka takardar kiɗa guda ɗaya kan fito da kama daban-daban a hannun jagora daban-daban. Akwai shahararren misali. A shekarar 1930 jagoran nan ɗan Italiya, Arturo Toscanini, ya kaɗa Boléro a Paris, mai kiɗan, Maurice Ravel, yana zaune a wurin. Ravel bai ji daɗi ba, domin a ganinsa an yi sauri fiye da yadda ya nufa, har suka yi sa-in-sa bayan an tashi. Idan mai abu da ransa ana iya saɓa masa haka, to ina ga bayan ransa? A nan ne darajar wanda ya zauna da masu kiɗan, ya ji daga bakinsu, take fitowa.

Daga kujerar mai goge zuwa gaban taro

An haifi Pierre Monteux a Paris ranar 4 ga Afrilu 1875, shekarar da aka haifi Ravel. Ya yi karatu a babbar makarantar kiɗa ta Paris, inda ya sami lambar farko ta goge a 1896. Amma abin da ya ci abinci da shi tun yana saurayi shi ne alto, wato goge mai matsakaiciyar murya, wanda ke zaune a tsakiyar ƙungiya, tsakanin masu siririyar murya da masu kauri. Wanda ya yi shekaru a wannan kujera yakan saba da jin kiɗa daga ciki, kuma wannan sabo ya bi Monteux har tsufansa: a fayafayansa muryoyin tsakiya, waɗanda sukan ɓace a hannun wasu, suna fitowa sarai.

Ya yi shekaru da dama a ƙungiyar Édouard Colonne, yana mai goge kuma mataimakin jagora. Colonne kuwa ya san Hector Berlioz, wanda ya tsara Symphonie fantastique a 1830, kuma ya isar wa yaronsa abin da ya sani na nufin Berlioz. Wannan silsila ce irin wadda almajiran ƙasar Hausa suka sani, inda ake cewa wane ya karanta a wurin wane, shi kuma a wurin wane. A 1902, ranar da aka fara nuna Pelléas et Mélisande na Claude Debussy, Monteux ne ke gaban masu alto.

Ƙofar ɗaukaka ta buɗe masa ta hanyar ƙungiyar wasan rawa ta Rashawa da Serge Diaghilev ya kawo Paris. A cikin shekara uku Monteux ya jagoranci fitowar farko ta ayyuka huɗu da suka sauya kiɗan Turai: Petrouchka na Igor Stravinsky a 1911, Daphnis et Chloé na Ravel a 1912, sai Jeux na Debussy da Le Sacre du printemps na Stravinsky, duka a watan Mayu na 1913. A daren na ƙarshen, 29 ga Mayu, ƴan kallo suka rabu biyu, masu ihu da masu tafi, har masu rawa ba sa jin kiɗan. Monteux bai tsaya ba, ya kai ƙungiyarsa har ƙarshe.

Bayan ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya jagoranci ƙungiyar Boston a Amurka daga 1919 zuwa 1924, ya yi shekara goma yana aiki da ta Amstadam a Holan, ya riƙe wata sabuwar ƙungiya a Paris daga 1929, sannan ta San Francisco har zuwa 1952. A 1943 ya buɗe makarantar horar da jagorori a ƙauyen Hancock, a jihar Maine ta Amurka. Cikin waɗanda suka koya a wurinsa akwai Neville Marriner da André Previn da David Zinman. Abin da yake jaddada wa almajiransa shi ne kada su yi jagoranci domin burge ƴan kallo, kada su tsai da ƙungiya in ba su da abin faɗa, kuma kada su zura wa makaɗi ido lokacin da yake cikin wuri mai wuya. A 1961, yana da shekara 86, ƙungiyar London Symphony ta naɗa shi babban jagoranta, shi kuwa ya nemi a rubuta yarjejeniyar ta shekara 25, da damar sabuntawa. Ya rasu ranar 1 ga Yuli 1964.

Fayafayan tsufa

Tsawon ran Monteux ya sa ya ratsa zamunan ɗaukar murya kusan duka. Lokacin da ya ɗauki Le Sacre du printemps a 1929, faifan garmaho ba ya ɗaukar fiye da minti huɗu zuwa biyar a fuska ɗaya, dole a yanyanka kiɗa gunduwa-gunduwa. A 1948 aka fito da faifai mai dogon zango, mai ɗaukar minti ashirin da wani abu a kowace fuska. A 1958 fayafayan sitiriyo suka shiga kasuwa, masu raba sauti dama da hagu, har mai saurare ya san inda kowane makaɗi yake zaune. Na'ura ta kai ƙarfinta a daidai lokacin da mutumin da ya ga asalin abin yake da sauran ƙarfi. Shi kansa bai ƙaunaci ɗakin ɗaukar murya ba, yana ganin maimaitawa da gyare-gyare na kashe ran kiɗa, kuma zuciyarsa ta fi karkata ga Brahms na Jamus. Amma kamfanoni kiɗan Faransa suka fi nema a wurinsa, kuma da shi aka fi tunawa da shi.

Kan gaba a cikinsu shi ne Daphnis et Chloé, wanda kamfanin Decca ya ɗauka a Landan a 1959 da ƙungiyar London Symphony da mawaƙan Covent Garden. Shekara 47 ke nan bayan daren 8 ga Yuni 1912 da Monteux ya fara kaɗa shi, Ravel na raye yana sa ido. A wancan karo sau biyu kawai aka nuna wasan kafin a rufe kakar. Labarin tsohon labarin Girkawa ne na makiyaya biyu, saurayi da budurwa. Ƴan fashin teku suka sace budurwar, aka kuɓutar da ita, suka sake haɗuwa da wayewar gari. Kiɗan ya kusa awa guda, kuma mawaƙan da ke cikinsa ba sa furta kalma ko ɗaya, muryarsu kawai ake ji kamar iska daga nesa.

Wurin da ya kamata baƙon kunne ya fara shi ne wayewar garin, a farkon kashi na uku. Sarewa da harpa, wato babban abin kiɗa mai tsarkiya 47, dangin biram na Buduma, suna zubo da sauti ƙanana masu gudu kamar ruwa a kan dutse. Daga ƙasa manyan goge suna tasowa a hankali. Sai kukan tsuntsaye, sai busar makiyayi daga can nesa, wani ya amsa masa, har haske ya game ko'ina. Wanda ya taɓa kwana a gona a Dallol Mawri da damina, ya ji sarewar Bafulatani da asuba, ba ya bukatar tafinta a nan. Abin lura a hannun Monteux shi ne rashin gaggawa da rashin ƙari. Wasu jagorori sukan mai da wannan wuri hazo mai daɗi, komai ya narke cikin komai. Shi kuwa yana barin kowace murya da gefenta, kuma bai manta cewa kiɗan rawa ne ba, wanda ƙafafun mutane za su taka. Rawar ƙarshe an gina ta kan ƙirga biyar-biyar, abin da ya wahalar da masu rawar 1912, kuma a faifan tsohon ba ya bari gudu ya cinye ƙirgar.

Akwai wata al'ada tasa da sitiriyo ya adana. Yana zaunar da masu goge na farko a hagunsa, na biyu a damansa, kamar yadda aka saba a zamanin ƙuruciyarsa, alhali yawancin jagororin bayansa sun tara su gefe ɗaya. Saboda haka a fayafayansa ana jin hagu ta kira, dama ta amsa, tsarin da duk mai sauraren uban kiɗi da ƴan amshinsa zai gane nan take.

Na biyu shi ne babban kiɗan César Franck, haifaffen Beljiyam da ya yi rayuwarsa a Paris, wanda aka fara kaɗawa a 1889. Monteux ya ɗauke shi a 1961 da ƙungiyar Chicago. Kiɗa ne mai nauyi, wanda kan zama kamar tafiya cikin taɓo in jagora ya cika jan ƙafa. A wannan faifai yana tafiya da ƙafar matashi. A kashi na biyu, harpa da goge da ake taɓawa da yatsa suna shimfiɗa tabarma, sai wata algaita mai sanyin murya ta hau kai ita kaɗai da wata doguwar waƙa mai kama da ta kewa.

Na uku shi ne Boléro, wanda ya ɗauka a 1964, watanni kaɗan kafin rasuwarsa. Ravel ya tsara shi a 1928, kuma a duk kiɗan Turai da wuya a sami wanda ya fi shi kusa da kunnen Bahaushe. Ƙaramar ganga ce ke riƙe da ma'auni ɗaya tak, tana maimaita shi sau 169, daga raɗa har ya zama tsawa, na kimanin minti goma sha biyar. A kan wannan ma'auni karin waƙa biyu ne kawai ke zagayawa, sarewa ta fara, ta miƙa wa wani, shi ma ya miƙa, kowa na zuba wa karin launin muryarsa, har ƙungiya duka ta shigo. Sai daf da ƙarshe kiɗan ya sauya gida sau ɗaya, ya dawo, ya rushe. Gwanintar jagora a nan ita ce haƙuri: kada ya bari ganga ta ƙara sauri, kada ya kashe ƙarfinsa tun tafiya ba ta yi nisa ba. Duk mai kanzagi ya san wannan jarrabawa.

Akwai kuma abin da fayafayan suka riƙe wanda ba na Monteux kaɗai ba ne. A 1956 ya ɗauki ayyukan Stravinsky da tsohuwar ƙungiyar makarantar kiɗa ta Paris, wadda aka kafa tun 1828. Mabusanta suna da wata murya tasu ta kansu, siririya, mai ɗan hanci da karkarwa, wadda ake gane ta da jin farko. A 1967 aka rushe ƙungiyar, aka kafa Orchestre de Paris a madadinta, kuma sannu a hankali ƙungiyoyin Faransa da dama suka koma ga kayan busa da salon da sauran duniya ke bi. Wanda ke son jin waccan murya yau, faifai zai nema. Symphonie fantastique kuwa, da ya ɗauka a Paris a 1930, ya sake ɗauka a Biyana a 1958, ita ce ƙarshen waccan silsila: Berlioz zuwa Colonne, Colonne zuwa Monteux, mutum uku sun ratsa shekara kusan 130.

Inuwar 1899

Mutumin Arewa na da hujjar da zai tambaya: me ya haɗa ni da kiɗan Paris na wancan zamani? A watan Afrilu na 1899, lokacin da Monteux ke da shekara 24 yana jan gogensa a ƙungiyar Colonne, Debussy kuma yana kammala Nocturnes, rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu, bayan ta bar ƙauyuka a ƙone a bayanta. A watan Mayu ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni. Ƙasa ɗaya ce ta fitar da abubuwan biyu a shekara ɗaya, kuma ba wani daɗin sarewa da zai wanke wannan jini. Littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986 sun tabbatar da cewa ba a manta ba.

Amma tarihin kiɗan kansa ya nuna cewa masu shi ba bakinsu ɗaya da masu bindiga ba a kowane lokaci. Debussy ya saurari makaɗan tsibirin Jawa a bajekolin Paris na 1889, abin ya sauya masa kunne har ƙarshen ransa, ya riƙa ɗaga darajar kiɗansu a gaban na Turai. Ravel, a cikin Chansons madécasses da ya tsara tsakanin 1925 da 1926, ya sa wa wata tsohuwar waƙa kiɗa, wadda ke gargaɗin mutanen Madagaska game da yaudarar fararen fata da suka zo da daɗin baki suka gina ganuwa. Da aka rera ta a Paris a 1925, sojojin Faransa na yaƙi a Maroko, wani daga cikin masu saurare ya miƙe ya nuna fushinsa a fili.

Tambayar ta ƙara nauyi a waɗannan shekaru. A 2023 Nijar ta sauya taken ƙasa da Turawan Faransa suka tsara a 1961, kuma a ƙarshen shekarar sojojin Faransa suka bar ƙasar. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Harshen da aka ɗora wa wannan nauyi dole ya iya magana a kan komai, har da Ravel da Debussy, da kalmominsa da ma'auninsa. Wanda ya saurari Boléro ya auna shi da abin da ya sani na kalangu da kanzagi, ya yanke hukuncinsa da Hausa, matsayin alƙali ya ɗauka, kuma wannan matsayi ne da mulkin mallaka bai taɓa tanadar masa ba.

Namu fayafayan

A shekarun da Decca da Philips ke rige-rigen ɗaukar Monteux kafin ƙasa ta rufe masa ido, na'urar ɗaukar murya ta riga ta iso nan. An buɗe Rediyo Nijar a 1958, ƙarƙashin hukumar SORAFOM da Pierre Schaeffer ya kafa a tsakiyar shekarun 1950, wadda ta koma OCORA a 1962. Wani ma'aikacinta, Tolia Nikiprowetzky, haifaffen Kirimiya a 1916, wanda shi kansa mai tsara kiɗan orkesta ne da ya yi karatu a Paris, ya zagaya Nijar a 1963 da na'urarsa. Daga wannan aiki aka fitar da faifan makaɗan Nijar da kuma na makiyaya, Buzaye da Bororo, ya kuma yi rubutu a kan kayan kiɗan ƙasar. A daidai wannan lokaci Ba'amurke David Ames yana ɗaukar makaɗan ƙasar Zazzau, aka fitar da aikinsa cikin jerin fayafayan UNESCO, kuma a 1971 shi da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa. Gidajen rediyon Kaduna da Yamai su ma sun tara nasu.

Albarkacin irin wannan ɗauka ne muke jin muryar Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, wanda ya rasu a farkon shekarun 1960, da ta Aliyu Ɗandawo da ya yi wa sarakunan Kabi da na Yawuri kiɗa, da ta Salihu Jankiɗi na fadar Sarkin Musulmi, da ta Ɗan Gurmu na Tawa, wanda aka sa wa gasar kiɗan zamani ta Nijar sunansa a 1987. Kowanensu tsohon jagora ne da ƙungiyarsa, kowanensu ƙarshen wata silsila ne. Bambancinsu da Monteux ya fi ƙarfafa hujjar adana su: shi yana da takarda a bayansa, ko faifai ya ɓace za a sake kaɗa Daphnis; su kuwa faifan shi ne takardar, shi ne shaidar.

A ƙasar Arewa lamarin ya fi tsanani. Marc-Henri Piault ya tattara tarihin Arawa daga bakin tsofaffi ya wallafa a 1970. Adeline Masquelier ta zauna a Dogon Dutsi daga ƙarshen shekarun 1980, ta rubuta yadda bori ke ja da baya a garin, a littafinta na 2001. A Maraɗi, Veit Erlmann ya nazarci kiɗan bori, inda kowane iska ke da takensa da mai goge da masu ƙwarya ke kiransa da shi. Ko mene ne ra'ayin mutum game da bori ta fuskar addini, waɗannan take tarihi ne na Lugu da Bagaji da dangogin da suka zauna a Dallol Mawri, kuma a cikin kan ƴan tsirarun tsofaffin masu goge suke. Haka taken sarautar Arewa da tambari da algaita ke faɗa, haka kiɗan noma da na farauta da na ƴan kokawa, haka waƙoƙin daka da na niƙa da injin niƙa ya kora daga tsakar gida. Har kiɗan zamani, irin na ƙungiyar Akazama ta Dutsi, ya kai shekarun da za a kira shi tarihi.

Abin da ya sa fayafayan Monteux ke raye bai tsaya ga gwanintarsa ba. An san ranar da aka ɗauki kowanne, da ɗakin, da sunan ƙungiyar, da wanda ya riƙe na'ura. An ajiye uwar naɗin a wuri mai sanyi, aka juye ta zuwa faifan CD a shekarun 1980, aka sake juyewa zuwa intanet, ana rubuta sharhi a kowane juyi. Namu kuwa, wani kaso yana Paris a taskar Rediyon Faransa, wadda ta gaji OCORA. Wani yana Yamai, a gidan rediyon ƙasa da cibiyar binciken IRSH da CELHTO da cibiyar kiɗa ta Elhaji Taya da aka buɗe a 1989. Zaren naɗi kuwa ba ya shiri da zafi da ƙura da laima, kuma na'urorin da ke karanta shi sun yi wuyar samu. Kaso mafi yawa shi ne wanda ke yawo a tsofaffin kaset da katin waya, an kwafa daga kwafi, sau da yawa ba shekara, ba wuri, ba sunan ƴan amshi, wani lokaci ma an laƙa wa waƙar sunan wani makaɗi daban.

Kammalawa

Aiki biyu ke gaban malamai da ƙungiyoyin raya al'adu, kuma ba wanda ya fi ƙarfinsu. Na farko na aji ne. Malami a Sukukutane ko Gesheme da ke da waya da ƙaramar lasifika zai iya sa wa ɗalibansa minti biyar na Boléro, ya bi shi da minti biyar na Ɗanƙwairo ko Jankiɗi, ya yi musu tambayoyi iri ɗaya a kan duka biyun: wa ke riƙe da ma'auni, wa ke kira, wa ke amsawa, a ina jagora ya sassauta, me ya sa. Ɗalibin da ya amsa waɗannan da Hausa ya koyi sauraro, kuma zai gane cewa kiɗan gidansu yana da tsari da ƙa'ida da za a iya nazari kamar na kowa.

Na biyu na gari ne. Wayar da ke aljihun kowane matashi a yau tana ɗaukar murya cikin sauƙin da masu ɗauka na 1963 ba su samu ba. Kowace ƙungiya za ta iya lissafa tsofaffin makaɗan yankinta, ta je musu da girmamawa da goron da ya dace, ta nemi yardarsu, ta ɗauke su tare da yaransu a wurin da suka saba kiɗa. A rubuta suna da gari da rana, da sunan kowane abin kiɗa da mai riƙe da shi, da dalilin kiɗan. A tambayi tsohon a wurin wa ya koya, shi kuma wancan a wurin wa, a ɗauki amsar da muryarsa. A ajiye kwafi a gidansa, wani a makaranta, wani a aika Yamai. Kamfanin Decca ya ɗauki Daphnis a hannun Monteux yana da shekara 84, saura shekara biyar ya rasu. Masu gogen Arewa da suka koya a hannun waɗanda suka ga zamanin Sarauniya Mangu da idonsu, waɗanda suka rage a cikinsu sun kai waɗannan shekaru ko sun wuce.